Tantani Ba Ya Cin Guba: Yadda Ake Tace Ruwan Dagwalon Masana'antun Man Fetur

Wanda ya hango matatar mai daga nesa, hasumiyoyin ƙarfe yake gani, da manyan tankuna, da harshen wutar nan da ke ci dare da rana a kan dogon bututu. In ka shiga ciki ka bi kwatoci da bututan da ke ƙarƙashin ƙasa, sai ka tarar babban kaso na aikin gidan harkar ruwa ce. Da ruwa ake wanke ɗanyen mai a raba shi da gishiri kafin ya shiga hasumiyar tacewa. Da tururi ake korar wasu sinadarai daga jikin wasu. Da ruwa ake sanyaya injuna. Ruwan da ya shiga irin wannan wuri kuwa ba ya fita yadda ya shigo. Haka abin yake, har ma ya fi, a masana'antun da ke karɓar abin da matata ta fitar su mayar da shi roba da zaren yadi da fenti da sauran dangoginsu.

Kuma ba ruwa ɗaya ba ne, koramu ne da yawa, kowace da halinta. Ruwan wankin ɗanyen mai yana fitowa da zafi, ɗauke da gishiri da laka da ɗigon mai. Akwai wanda ma'aikata ke kira ruwa mai tsami, wanda ya sha amoniya da iskar salfayid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, iskar da kan kashe mutum cikin ɗan lokaci in ta taru a wuri rufaffe. Akwai ragowar ruwan soda da aka wanke gas da shi a wuraren fasa mai don samar da etilin, gas ɗin da ake yin roba da shi: ba shi da yawa, amma kaifinsa ya isa ya kashe duk wani abu mai rai a tanki. Akwai ruwan da ake zubarwa daga hasumiyoyin sanyaya, ga kuma ruwan sama da ya wanke harabar masana'anta ya kwaso duk abin da ya ɗiga a ƙasa. A cikin wannan haɗin ne ake samun fenol, da benzin da 'yan uwansa toluwin da zailin, wani lokaci da sayanayid, da ƙarafa irin su kobalt da manganis a masana'antun da ke yin asid ɗin da ake haɗa robar kwalba da zaren poliyesta da shi. Benzin kaɗai ya ishi mutum misali: an tabbatar yana haddasa kansar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 10 kacal a kowace lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram).

Masu wannan aiki ba sa bin sinadaran ɗaya bayan ɗaya a kullum, domin sun yi yawa. Awo biyu suke dogara da su. Na farko, COD, yana nuna yawan iskar oksijin da za a buƙata a ƙone duk dattin da ke cikin ruwan ta hanyar sinadari. Na biyu, BOD, yana nuna wadda ƙwayoyin bakteriya za su shaƙa cikin kwana biyar suna cin abin da za su iya ci. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce labarin. A ruwan kwatar gidaje tazarar ba ta da faɗi, domin yawancin dattin mai ciwuwa ne. A ruwan masana'antar sinadarai takan yi faɗi ƙwarai, ma'ana akwai kaya da yawa da bakteriya na yau da kullum ba sa iya taunawa.

Tsohuwar hanya da inda take tuntuɓe

Tun 1914 wasu masana biyu a Manchesta ta Ingila, Edward Ardern da William Lockett, suka nuna cewa in aka riƙa hura iska cikin ruwan dagwalo, aka kuma adana lakar da ta kwanta aka mayar da ita cikin sabon ruwa, tsaftacewar da da take ɗaukar makonni sai ta koma ta sa'o'i. Lakar nan ba ƙasa ba ce. Dunƙulen ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, shi ya sa za mu kira ta laka mai rai. Fiye da shekara ɗari ke nan, har yau tana cikin hanyoyin da duniya ta fi amfani da su wajen tace ruwan dagwalo.

Tsarin tanki biyu ne. A na farko ana hura iska, bakteriya suna ci suna hayayyafa. A na biyu, wani faffaɗan tanki mai zagaye, ana barin ruwan ya natsu: laka ta sauka ƙasa, garai-garan ruwa ya malala ta baki. Duk gidan a kan abu ɗaya ya dogara, wato lakar ta yarda ta kwanta. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci kowace safiya ya ɗebi lita guda daga tankin iska, ya zuba a doguwar kwalbar awo, ya ajiye a kan tebur ya duba agogo. In laka na da lafiya, kafin minti talatin ta tattaru a ƙasa launin ƙasa-ƙasa, ruwa ya tsaya a sama tas. In ba ta da lafiya, sai ta tsaya a tsakiya kamar audugar da aka shaƙe, ko ta tarwatse ta bar ruwan da hazo.

A masana'antar man fetur, rana ta biyun nan ba baƙuwa ba ce. Gishiri ya hau kwatsam, dunƙulen laka ya warware. Mai ya shigo, ya manne wa laka ya ɗaga ta sama. Guba ta wuce, bakteriya suka firgita suka watse. Duk ranar da haka ta faru, lakar takan bi ruwa ta fice, asara biyu ke nan: ruwan da aka sake ya ɓaci, kuma ma'aikatan da ke cin dattin sun tafi tare da shi. Mafi ciwo, waɗanda suka fi wuyar samu su ne ba sa saurin dawowa.

Shigowar tantani

Dabarar da ake kira MBR a taƙaice, wato tankin bakteriya mai tantanin tacewa, amsa ce ga wannan matsala guda. Maimakon a roƙi laka ta kwanta, sai a tsotse ruwan ta cikin wani siririn tantani mai ƙananan hudoji, laka ta tsaya a baya ko tana so ko ba ta so. Tankin kwantarwa ya tashi daga aiki ke nan.

Kamfanin Dorr-Oliver na Amurka ne ya fara sayar da irin wannan tsari a ƙarshen shekarun 1960. Tantanin a wajen tanki yake, ana tura masa laka da famfo mai ƙarfi ta wuce da gudu don kada ta manne, wutar da yake sha kuwa ta sa abin bai wuce ƙananan wurare ba. Sai a 1989 Kazuo Yamamoto da abokan aikinsa a Jami'ar Tokiyo suka nuna cewa za a iya tsoma tantanin cikin tankin kansa, a tsotsi ruwan a hankali, a bar kumfar iska ta riƙa goge fuskarsa. Daga nan kasuwa ta buɗe. Kubota a Japan ya fito da mai siffar faranti, ana jera su a tsaye kamar shafukan littafi da 'yar tazara a tsakani. Zenon a Kanada ya fito da mai siffar zare, kamfanin da General Electric na Amurka ya saye a 2006.

Zaren nan ya cancanci a dube shi da kyau. Kaurinsa wajen milimita biyu ne, tsawonsa kusan tsayin mutum ko fiye, cikinsa rami ne daga farko har ƙarshe. Ana ɗaure dubbansa a firam ɗaya, sama da ƙasa, a bar su da ɗan sako-sako don su riƙa kaɗawa in iska ta taso. Jikin kowane zare cike yake da hudojin da ido ba ya gani, faɗinsu daga maikiron 0.04 zuwa 0.4 gwargwadon iri (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Gashin kan mutum yana kai maikiron 70, ƙwayar bakteriya kuwa wajen maikiron guda. Famfo yana jan ruwa ta jikin zaren ya shiga ramin ciki ya haura, bakteriya ba ta da ƙofar bi. Yawancinsu da wata roba mai jure sinadarai ake yi, wadda aka fi sani da PVDF. Akwai kuma na tangaran, masu jure zafi da mai da wanki mai tsanani, sai dai tsadarsu ta sa ba ko'ina ake ganinsu ba.

To a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, har da wasu masu sa hannu a kan kwangila. Suna ganin tantanin ne ke tace gubar. Ƙwayar fenol ba ta kai nanomita guda ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na maikiron. Huda mafi ƙanƙanta a irin wannan tantani nanomita 40 ce. Fenol yana ratsa ta kamar yadda sauro ke ratsa ƙofar gari. Haka benzin, haka amoniya, haka gishiri: duk abin da ya narke a ruwa wucewa yake abinsa. Tantani mai gadi ne kawai, yana hana ma'aikata fita. Masu cin gubar su ne dai bakteriyar nan ta 1914.

Me aka samu ke nan? Lokaci aka samu, kuma lokaci shi ne komai a wannan harka.

Bakteriya ba su da saurin haihuwa ɗaya. Masu cin abu mai sauƙi kan ninka yawansu cikin awa ɗaya ko biyu. Masu cin amoniya, irin su Nitrosomonas da ke mayar da ita naitirait, da Nitrospira da ke ƙarasa ta zuwa naitiret, kan ɗauki yini guda ko fiye, in sanyi ya shigo ma su ƙara nawa. Masu fasa sinadarai masu taurin kai su ma haka suke. Kowace masana'anta tana zubar da wani kaso na lakarta kullum don kada ta cika tanki, kuma daga yawan abin da ake zubarwa ake lissafa kwanakin da ƙwaya ɗaya ke yi a gidan kafin a fitar da ita. In ana fitar da wani jinsi da saurin da ya fi na haihuwarsa, jinsin zai ƙare a tankin, ko da abincinsa na nan tuli. A tsohon tsari kwanakin laka kan tsaya tsakanin 5 zuwa 15, kuma ko su ba su da tabbas, tun da kowace rana laka na iya tserewa ta tankin kwantarwa. Da tantani ba abin da ke fita sai wanda ma'aikaci ya buɗe wa famfo da hannunsa. Ana iya riƙe laka kwana 20, 30, ko fiye. A cikin wannan zama ne ƙwararrun ke samun sarari su yi yawa.

Aikinsu ma abin sha'awa ne. Benzin zobe ne na ƙwayoyin kabon shida da suka riƙe juna gam, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba. Jinsuna irin su Pseudomonas da Rhodococcus suna da sinadaran narkarwa da ke liƙa wa zoben ƙwayoyin oksijin biyu a gefe, ya koma wani abu da ake kira katekol. Daga nan zoben ya yi rauni, sai su datse shi ya miƙe, ya zama abinci kamar kowane, ƙarshensa iskar kabon dayoksaid da ruwa da sababbin 'ya'yan bakteriya. Fenol ma ta wannan ƙofar ta katekol yake bi.

Riba ta biyu ita ce kauri. Tankin kwantarwa ba ya iya ɗaukar laka mai kauri sosai, don haka tsohon tsari yakan tsaya a kan giram 2 zuwa 4 a kowace lita. Tankin tantani yana aiki da giram 8 zuwa 12. Bakin da ke ci ya ninka sau uku a fili ɗaya, ga kuma filin tankin kwantarwa ya dawo hannu. Ga tsohuwar matata da gine-gine suka kewaye ta ko'ina, kuma hukuma ta ƙara tsananta mata doka, wannan kaɗai kan isa dalili.

Dabbobi ne, sai an yi kiwo

Tun da masu rai ne ke aikin, dole a bi da su yadda ake bi da masu rai. Fenol shi ne misalin da ya fi fito da wannan. Shi ne maganin da likita Joseph Lister ya yi amfani da shi a shekarun 1860 yana kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata. Wato abin da muke ba bakteriya su ci, makashinsu ne na asali. In ya zo kaɗan-kaɗan abinci ne. In ya zo da yawa lokaci ɗaya, sai cin ya ragu maimakon ya ƙaru, abin da ba a ci ba ya taru, taruwar ta ƙara danne su, gida ya rushe. Masu cin amoniya su ne kan fara faɗuwa, domin fenol da sayanayid da salfayid duk suna taɓa su tun kafin sauran su ji a jikinsu.

Saboda haka babban tankin daidaitawa, inda ruwa ke zama ya gauraya kafin ya isa ga bakteriya, ya fi kayan ado da yawa amfani, ko da yake ba shi ake nuna wa baƙi ba. Haka ma tankin ajiyar gaggawa da ake karkatar da mugun ruwa a cikinsa in wani sashe na masana'anta ya yi amai, musamman lokacin da aka tsayar da injuna don babban gyara ana wanke tankuna da bututai. Ruwa mai tsami kuwa ba ya zuwa nan sai ya bi ta hasumiyar da ake kore masa amoniya da salfayid da tururi. Ragowar ruwan soda yakan buƙaci nasa maganin daban, sau da yawa ta hanyar dafa shi da iska a ƙarƙashin matsi da zafi mai tsanani, ko a riƙa ɗiga shi cikin sauran ruwan a hankali.

Sai abinci mai gina jiki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kowane kashi 100 na BOD yana son kashi 5 na naitirojin da kashi 1 na fosfaras. Ruwan matata yana da naitirojin har ya yi yawa, amma fosfaras kusan babu, sai an saya an zuba. Cin amoniya kuma yana da nasa kuɗin: kowane giram na naitirojin yana shan kusan giram 4.6 na oksijin, yana kuma sa ruwan ya yi tsami, sai an riƙa gyarawa da soda. Ga zafi: in ruwan tanki ya doshi digiri 40, masu cin amoniya sun fara janyewa, alhali ruwan irin wannan masana'anta da zafinsa yake zuwa. Sau da yawa sai an sanyaya shi tukuna.

Mai, babban abokin gaba

In da abu ɗaya da ke raba MBR na masana'antar man fetur da na ruwan birni, to mai ne. Robar tantani da mai suna son juna. Ɗigon mai in ya sauka a fuskar zare ba ya zama a dunƙule, shimfiɗuwa yake ya shafe hudojin, kuma kumfar iska ba ta kankare shi. Wasu sinadaran masu narkar da roba, in suka zo da ƙarfi, har jikin zaren da gam ɗin da ya riƙe shi a firam sukan ci. Wanda ya taɓa ganin an ɗaga firam da ƙugiya daga tankin da mai ya shiga ba ya mantawa: zaruruwan da aka tsoma farare suna kaɗawa ɗaya-ɗaya, sun fito baƙi ƙirin, sun manne da juna sun zama igiyoyi masu kauri, laka ta daskare a tsakaninsu kamar kwalta. Na tsakiyar igiyar sun daɗe da daina shan ruwa, na gefe ne ke ɗauke da nauyin duka.

Tun ran gini ran zane. Makomar tantani a gaba da shi ake yanke ta, a sassan da ke cire mai. Na farko dogon tanki ne da ruwa ke tafiya a hankali, mai ya taso sama a kwashe, yashi ya sauka ƙasa. Cibiyar man fetur ta Amurka ce ta tsara ƙa'idarsa, shi ya sa ake kiransa tankin API, kuma manyan ɗigo yake kamawa, daga maikiron 150 zuwa sama. Na biyu ana narkar da iska a ruwa da matsi sannan a sake ta, ta fito da ƙananan kumfa su ɗauko ƙananan ɗigon zuwa sama, bayan an zuba sinadarin da ke tattara su. Wanda ke ba da wahala shi ne man da ya sarƙe da ruwa ya koma kamar madara, saboda sabulun wanki ko dukan famfo. Irin wannan ko shekara ya yi a tanki ba ya tasowa, sai an karya sarƙewar da sinadari. A ganina, duk wanda ya tsuke hannu a wannan sashe don ya sayi tantani mai tsada, ya sayi rigar siliki ne ya shiga da ita garejin kanikawa.

Ko babu mai, tantani zai toshe, wannan ba makawa. Bakteriya suna fitar da wata yauƙi da suke manne wa juna da ita, kuma yawanta yana ƙaruwa in sun shiga wuya: gishiri ya hau, guba ta wuce, ko zafi ya sauya. Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga tantani ya toshe da wuri, sau da yawa ba shi ne marar lafiyar ba, lakar ce. Ma'aikaci yana gane halin da ake ciki daga agogon matsi, wanda ke nuna ƙarfin da famfo ke sawa kafin ya jawo ruwa. Layin kan kwamfuta yakan yi makonni yana hawa a hankali kamar ba ya motsi, sannan wata rana ya miƙe tsaye. Dalili shi ne hudojin da suka toshe suna barin aikinsu ga waɗanda suka rage, su kuma nauyin ya yi musu yawa su toshe da sauri, abin ya zama gudu.

Maganin hawa-hawa ne. Iska mai manyan kumfa tana tashi daga ƙasan firam tana girgiza zaruruwan. Bayan kowane minti goma ko makamancin haka, famfo ya tsaya na ɗan lokaci tantani ya huta, ko a juya ruwan baya ya turo dattin waje. Lokaci-lokaci a wanke da ruwan bilic mai rauni don yauƙi, da asid ɗin sitirik don ƙanzon ƙarfe da alli. Sau ɗaya ko biyu a shekara a jiƙa shi cikin mai ƙarfi na sa'o'i. Kowane wanki yana ɗan rage wa robar kwana, don haka wanda ke wanki kullum yana cin jarinsa ne. A ruwan birni tantani kan yi shekara bakwai zuwa goma. A ruwan masana'anta, ya danganta da irin riƙon da ya samu.

Babban magani dai shi ne kada a yi haɗama. Akwai iyakar gudun da in aka tsaya ƙasa da ita toshewa ke tafiya a hankali, in aka haura ta kuwa sai abin ya ƙwace. Mu ɗauki misali da lissafi. A ce masana'anta na fitar da ruwa kyubik mita 10,000 a yini, kuma an tsara kowane murabba'in mita na tantani ya ja lita 15 a awa. Ana buƙatar kusan murabba'in mita 28,000 ke nan, kwatankwacin filin ƙwallo huɗu, a naɗe cikin 'yan tankuna. In mai zane ya ce a ja lita 25, tantanin da za a saya ya ragu zuwa ƙasa da murabba'in mita 17,000, takardar kwangila ta yi kyau. Wanda zai biya bambancin shi ne mai aikin dare bayan shekara biyu.

Kowa ya ci ladan kuturu

Iskar da ke goge tantani da injin hurawa ake samar da ita, kuma ba ya hutawa. Ƙari a kan haka, laka mai kauri ba ta karɓar oksijin da sauƙi, sai an hura fiye da yadda za a hura wa marar kauri kafin bakteriya su sami abin shaƙa. Shi ya sa MBR ke shan wuta fiye da tsohon tsari, duk da cewa an rage tazarar sosai ta hanyar hura iskar a kan kari maimakon ba tsayawa. Shi ya sa kuma ƙara wa laka kauri fiye da kima ba wayo ba ne: abin da aka samu a fili sai a mayar da shi a wuta.

Iskar tana da wata illa da ba a cika faɗa ba. Benzin da 'yan uwansa masu saurin tashi ne. In aka hura iska mai ƙarfi cikin ruwan da ke ɗauke da su, wani kaso ba ya jiran bakteriya, sama yake yi. Awo zai nuna benzin ya ragu a ruwa, alhali ƙaura kawai ya yi zuwa hancin ma'aikata da maƙwabta. Masana'antar kirki takan cire shi tun daga tushe, ko ta rufe tankunanta ta tattara iskar ta bi da ita ta gawayin tacewa ko ta ƙone ta.

Sannan akwai abin da ke wucewa duk da komai. Wasu sinadaran ko kwana ɗari laka ta yi ba ta cin su, kuma suna fita a matsayin ragowar COD. Wata dabara ita ce a zuba garin gawayi na musamman cikin tankin. Gawayin yana kama irin waɗannan sinadarai a jikinsa, yana shanye kaifin guba in ta zo kwatsam, kuma tun da tantani ba ya barin sa ya fita, bakteriya na samun lokaci su yi ta gwada haƙoransu a kan abin da ya kama. Gishiri kuwa ba ruwansa da duk wannan. In ana son a mayar da ruwan cikin hasumiyar sanyaya ko tukunyar tururi, sai ya bi ta wani tantanin daban, mai matsi mai ƙarfi, wanda ake kira RO. A nan MBR ke nuna wata fa'idarsa, domin RO ba ya jure ko ɗan gurɓi, ruwan MBR kuwa ba ya ɗauke da gurɓi ko kaɗan. Sai dai shi ma RO raba ruwa yake gida biyu, mai tsabta da kuma wani ɗan kaso da ya tattara duk gishirin da ragowar sinadaran, wanda neman inda za a kai shi wani babin ne mai zaman kansa.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. A Porto Marghera, yankin masana'antun sinadarai da ke bakin tafkin birnin Benis na Italiya, tsauraran dokokin kare tafkin ne suka sa aka mayar da matatar ruwan wurin ta koma MBR a tsakiyar shekarun 2000. A birnin Ufa na Rasha kuma, kamfanin Bashneft ya buɗe wata a 2018 mai ɗaukar kyubik mita 84,000 a yini, inda aka haɗa MBR da sassan cire gishiri don a mayar da ruwan aiki a rage abin da ake ɗiba da abin da ake zubarwa a kogin Belaya. A wuraren biyu dalilin a fili yake: ko doka ta matsa, ko ana son ruwan ya dawo. Inda fili ke da yalwa, doka ba ta kai can ba, kuma ba a da niyyar sake amfani da ruwan, tsohon tsari da aka riƙe da kyau yana iya wadatarwa. Inda ake shirin kafa MBR kuwa, ƙaramin na gwaji da za a ɗora a kan ainihin ruwan masana'antar na tsawon watanni, har ya ga ranakun da abubuwa suka ɓaci, ya fi duk wani alkawarin ɗan kasuwa, domin ba masana'antu biyu da ruwansu ya zo ɗaya.

Akwai wani tarko da sai wanda ya zauna da na'urar yake sani. A tsohon tsari, laka in ta kamu da ciwo ba ta ɓoyewa: ruwan ƙarshe zai yi hazo, kowa ya gani daga bakin tanki. A MBR ruwan garau yake fita kullum, ko bakteriya na raye ko sun mutu, tun da tantani bai san bambanci ba. Mutum na iya ɗaga kofin gilashi a gaban baƙi, haske na ratsa shi, alhali fenol da amoniya na ciki. Don haka gogaggen ma'aikaci ba ya yarda da idonsa. Awon amoniya a ruwan fita yake fara dubawa, domin masu cin ta ne ke fara faɗuwa. Sannan ya ɗebi laka a kwalba, ya tsoma ma'aunin oksijin ya ga saurin da take shanye iskar: mai lafiya tana jawo lambar ƙasa cikin 'yan mintuna, wadda guba ta buga kuwa sai lambar ta tsaya tana kallonsa. In ya ga haka, zai karkatar da ruwan shigowa zuwa tankin gaggawa, ya rufe famfon zubar da laka don kada ya ƙara rasa waɗanda suka rage, sannan ya ɗauki waya ya fara kiran sassan masana'anta ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya buɗe wani abu cikin dare. In masu cin amoniya sun riga sun tafi, makonni zai yi yana jiran su dawo, ko a kawo masa laka a tankar mota daga wata matatar ya sake kafa garken.